Amsa ga ɗana a kan motocin 'yan sanda

Ɗana, na ga saƙonka, inda ka ce ka lura yawancin motocin sintirin da ke yawo tsakanin Wunti da Yelwa a cikin garin Bauchi an rubuta a jikinsu cewa gwamnatin jiha ce ta bayar, alhali 'yan sanda na tarayya ne, kake tambaya ko wannan doka ce ko al'ada. Al'ada ce, kuma ta girme ka nesa ba kusa ba.

Lokacin da muke yara, tsaron cikin gari yana hannun En'e, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin Sarki. Dogarai suna tare da Sarki cikin rigunansu masu ja da kore, 'yan doka kuma su ne masu kama ɓarawo da tsare kasuwa, kuma daga Baitulmali ake biyan su, wato daga harajin da iyayenmu suke biya da jangalin da ake karɓa a hannun Fulani. A ƙafa suke aiki, ko a kan keke, domin mota a lokacin sai babban jami'i, galibi Land Rover. Shi ya sa mutanen Bauchi suka tashi da sanin cewa ɗawainiyar mai tsaron gari tana wuyan gari. Titin 'Yandoka da kake bi kullum daga gare su ya samo suna.

A ƙarshen shekarun 1960, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka shigar da 'yan doka cikin rundunar tarayya, daga baya kuma sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi runduna ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya. Iko ya koma sama, amma buƙata ta zauna a ƙasa, domin abin da ake aikowa bai taɓa isar kowane ofishin yanki ba. Daga Land Rover aka koma Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna, yanzu kuma Hilux ce ta mamaye, wadda ake ƙera wa benci biyu na ƙarfe a baya, jami'ai su zauna baya da baya suna duban gefen titi. Ko da aka kafa asusun tallafa wa 'yan sanda a 2019, gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi da attajirai ba su daina bayarwa ba.

Ni ban ga aibin kyautar ba, amma ina da ƙorafi a kan yadda ake yin ta. A da Baitulmali yana ɗaukar ɗawainiyar shekara da shekara, yanzu kuwa ana taro a miƙa makullai a ɗauki hoto, ba a ware kuɗin mai da taya da baƙin mai ba. Idan ka leƙa bayan ofisoshi da dama za ka tarar da motocin da ba su tsufa ba an ɗora su a kan duwatsu, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, saboda rashin kayan gyara ƙalilan. Daga nan ne ake fara cewa mai ƙara ya kawo kuɗin mai, wanda hakan ke nufin talakan da aka yi wa sata ba zai ga mota a ƙofar gidansa ba.

Tunda ƙungiyar unguwarku tana tunanin yin karo-karo, shawarata ita ce ku bar zancen sabuwar mota, ku je tare da mai unguwa ku ga DPO, wato shugaban ofishin 'yan sandan yankinku, ku ɗauki gyaran wadda take ajiye, ku biya makaniki da kanku, a rubuta komai a takarda. Kada kuma wani daga cikinku ya ɗauka cewa gudummawarsa ta ba shi ikon sa a kama masa wanda suka yi saɓani da shi.

Ka gaishe da mahaifiyarka.