Sigar gwaji ta manhajar saba: a ɗora ko a dakata?

Saƙonni uku na wannan makon sun haɗu a kan abu ɗaya: manhajar da ke zaune a kan saba (wato kwamfutar da ake ajiye shafi a kanta) tana miƙa wa mutane shafin intanet, irin su Apache da nginx da Caddy, waɗanda kowa ke iya saukewa kyauta har ya leƙa yadda aka rubuta su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin da nake sayar da kaya, masu saye ta nan suke biyan kuɗi. Na kama hayar sabuwar saba, sai na ga masu manhajar da nake amfani da ita sun fitar da sigar beta, an ce ta fi sauri. Tun da daga tushe zan shirya komai, ba gara in ɗora sabuwar ba, in huta da sabuntawa nan gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ɗora ta a kan sabar da kuɗin mutane ke bi ta cikinta. Hutun da kake nema ma shi ne abin da sigar gwaji ba ta bayarwa.

Sigar alfa gini ne da ba a gama ba, har yanzu ana rushe wani ɓangare ana sake wani. Beta tana nufin akasarin abubuwan da aka yi niyya sun shiga, saura farautar kurakurai. Bayanta akwai wadda ake yi wa alamar RC, wato wadda za a saki a matsayin gamammiya idan ba a gano wata babbar matsala ba. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe tafiya ce mai nisa. Alfa ta farko ta Apache 2.0 ta fito a watan Maris na 2000, amma sai a Afrilun 2002 aka ce jama'a su ɗauka su yi aiki da ita. Shekara biyu ke nan, a hannun mutanen da suka san aikin ciki da waje. Caddy 2 kuwa ta fara zagayen beta a 2019, ta fito gamammiya a Mayun 2020, kuma da yake an sake rubuta ta ne gaba ɗaya, fayil ɗin saitin tsohuwar Caddy ba ya aiki a kanta sai an gyara.

Ka ga ke nan wanda ya hau beta ya ɗaura wa kansa bin kowace fitowa. Yau a canza sunan wani umarni, gobe a cire wani, idan kuma aka gano ɓarakar tsaro, gyaran yakan zo ne a cikin sigar gwaji ta gaba tare da duk sauran canje-canjen da ba ka nema ba. Lasisin waɗannan manhajoji ya faɗa ƙarara cewa ana ba da su ne yadda suke, babu garanti. Idan shafinka ya tsaya da tsakar dare, kai kaɗai ne za ka amsa kiran masu saye.

Batun sauri kuma, ka fara aunawa kafin ka canza komai. Sau tari abin da ke jan ƙafar shafi shi ne manyan hotuna da ba a rage musu nauyi ba, ko rumbun bayanai da ke daɗewa kafin ya ba da amsa. Manhajar sabar takan gama nata aikin tun kafin su motsa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Duk da haka ina so ka gwada ta, domin don a gwada aka fitar da ita. Kama wata ƙaramar saba ta biyu, irin wadda ake biya bisa awa, ka kashe ta idan ka gama. Kwafi saitinka ka kai can, amma ban da bayanan masu saye. Kafin ka kunna, sa manhajar ta duba saitin da kanta: `apachectl configtest` a Apache, `nginx -t` a nginx. Anan ake ganin abin da ya canza. Misali, wanda ya saba da Apache 2.2 yana rubuta `Order allow,deny` da `Allow from all` don buɗe wa baƙi ƙofa. A 2.4, wadda ta fito a Fabrairun 2012, layi ɗaya ne ya maye gurbinsu, `Require all granted`, kuma idan ba a loda `mod_access_compat` ba, sabar za ta ce ba ta san umarnin `Order` ba, ta ƙi tashi. Waɗanda suka gwada jerin gwaji na 2.3 da ya gabace ta sun ga wannan tun da wuri, suka gyara fayilolinsu a tsanake.

Idan manhajar tana karɓo takardar shaidar tsaron shafi da kanta daga Let's Encrypt, cibiyar da ke ba da irin waɗannan takardu, kamar yadda Caddy ke yi, ka juya ta zuwa dandalin gwajinsu, domin na ainihin yana da iyakar adadin takardun da zai ba ka. Sannan ka buɗe fayil ɗin kurakurai ka zuba masa ido yayin da kake bin shafin daga zaɓen kaya har zuwa wurin biya. Abin da ka gano, ka rubuta wa masu manhajar: lambar sigar, irin tsarin kwamfutar, layukan saitin, da matakan da za su bi su ga matsalar da idonsu. Da yawa daga cikinsu aikin sa kai suke yi, kuma kuskuren da ba a kai musu rahotonsa a lokacin beta ba, shi ne ke tsallakawa cikin gamammiyar da kai ma za ka ɗora wata rana.

Tambaya: Malam, ni ce ke kula da shafin wata ƙungiya. A wurin saukar da nginx na ga iri biyu, mainline da stable. Ta farkon ita ce ta gwaji ko? Ina tsoron kada in zama zakaran gwajin dafi.

Amsa: Malama, tsoronki yana kan hanya, amma a nan sunan ne ya ruɗe ki. Kowane aiki yana da ma'anar da yake ba kalmominsa. A Apache, lamba mara kamar 2.1 da 2.3 ta masu gwaji ce zalla. A nginx ma mara ce ke nuna mainline, kamar 1.25 da 1.27, cika kuma stable, kamar 1.24 da 1.26, sai dai mainline ɗin ba beta ba ce. Ita ce layin da duk wani gyara da sabon abu ke fara shiga, kuma masu nginx da kansu ita suke ba da shawarar a yi amfani da ita. Stable a wurinsu tana nufin wadda ba ta motsi: ana yanke ta daga mainline kusan sau ɗaya a shekara, daga nan sai manyan gyare-gyare kaɗai ke shigarta.

Zaɓinki ya dogara da lokacin da kike da shi. Idan za ki iya karanta jerin canje-canje duk lokacin da sabuwa ta fito, ki gwada, ki sabunta, mainline ta dace. Idan shafin ƙungiyar aiki ne ɗaya cikin goma da ke wuyanki, ko kina amfani da ƙarin sassa da wasu suka rubuta, waɗanda sai an sake haɗa su da kowace sabuwar siga, to ki tsaya a stable, babu abin da za ki rasa.

Abu ɗaya za ki lura da shi: sabon abu a cikin mainline yana iya zama na gwaji ko da sauran manhajar ta nuna. HTTP/3, sabuwar hanyar aika shafi zuwa ga mai kallo, ta shigo a 1.25.0 cikin Mayun 2023 da alamar gwaji a kanta, ba ta isa stable ba sai a 1.26.0 a Afrilun 2024. Ba ta kunna kanta, sai kin rubuta ta a saiti kin kuma buɗe mata mashigar UDP ta 443. Idan ba ki buƙatarta, bar ta a kashe.

Tambaya: Kamfanin da nake shirin sabunta hayata da su suna amfani da Apache mai tsohuwar lamba. Wani kamfanin yana tallar cewa kullum a kan sabuwa fil yake. In koma can?

Amsa: Kada lamba kaɗai ta sa ka kwashe kaya. Masu tsarin kwamfuta na Linux irin su Debian da Ubuntu da Red Hat sukan riƙe siga ɗaya na shekaru, su riƙa ɗauko gyaran tsaro daga sababbi suna sakawa a cikinta, babbar lambar tana nan yadda take. Ubuntu mai dogon tallafi shekara biyar take samun irin wannan kulawa.

Sabuwa fil ma tana da nata haɗarin. Apache 2.4.49, gamammiya ce ba ta gwaji ba, ta fito a Satumbar 2021 da ɓarakar da ke ba ɓarayin intanet damar karanta fayilolin da ba sa cikin babbar foldar shafi a kan sabobin da ba a kulle da kyau ba. Aka fitar da 2.4.50 don toshe ta, ashe tsugune ba ta ƙare ba, sai da 2.4.51 ta biyo baya cikin 'yan kwanaki a watan Oktoba. Waɗanda ke kan sigogin da suka gabaci 2.4.49 wannan ɓaraka ba ta shafe su ba, domin da sabon canjin ta shigo.

Kafin ka biya kowannensu, tambaye su a rubuce: daga ina suke samun gyaran tsaro, kwana nawa suke ɗauka kafin su saka shi, kuma suna gwadawa a wani wuri kafin su taɓa sabar da shafinka ke kai? Idan kuwa tsohuwar lambar da ka gani 2.2 ce, wadda Apache ta daina kula da ita tun 2017, kuma ba su nuna maka wanda ke gyara musu ita ba, kada ka sabunta hayar.