Hukuncin sarin bututun kwali mai kauri don ƙara wa naɗin leda nauyi

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ina sarin bututun kwali, irin wanda ake naɗe leda, salatif da yadi a kansa, ina kai wa masana'antu a Sharaɗa da Challawa. Nakan karɓi kuɗin mutum alhali kayan ba su fito daga inji ba. Sannan wani abokin cinikina ya ce in riƙa kawo masa mai kaurin milimita 12 maimakon 5, ya kuma faɗa mini a fili cewa a kan kilo yake sayar da naɗin leda, kaurin zai ƙara masa nauyi. Mene ne hukuncina?

Amsa: Alhamdu lillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Karɓar kuɗi kafin kaya su samu halal ne idan an yi shi a matsayin cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kayan da aka siffanta daga baya. Hadisin Ibn Abbas a Bukhari da Muslim ya sharɗanta mudu sananne, nauyi sananne, da lokaci sananne. A sana'arka wannan yana nufin a rubuta faɗin ramin bututun (inci 3, wato milimita 76, ko inci 6), kaurin bangonsa, tsawonsa, adadi, da ranar kawowa. Malikiyya suna son a biya kuɗin duka a majalisin ciniki, sun yi rangwamen jinkiri har kwana 3. Hanafiyya sun halatta a ba mai ƙira oda ba tare da biya nan take ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta Duniya ta amince da haka a zamanta na Jidda a 1992.

Tambaya ta biyu ce mai nauyi. Shi kansa bututu mai kauri ba haramun ba ne, yana da aikinsa. Leda mai miƙewa tana matse abin da aka naɗe ta a kai, kuma idan naɗin babba ne bangon bututun sirara, sai ya lotse, ya ƙi shiga sandar inji, ledar ta tashi a banza. Wanda ya nemi mai kauri saboda wannan, ka sayar masa hankali kwance. Ba aikinka ba ne bin diddigin zukatan mutane.

Amma mutumin nan ya riga ya bayyana maka niyyarsa. Bututu mai ramin inci 3 da tsawon rabin mita, idan kaurinsa milimita 5 ne, nauyinsa kusan rabin kilo ne. Idan ya koma milimita 12 sai ya haura kilo 1. Wannan rarar kwali ce mai arha za a ɗora a sikeli a karɓi kuɗin leda a kanta, shi kuwa mai saye ba zai gane ba sai ledar ta ƙare tun kafin lokacin da ya saba. Tauye awo ke nan, wanda Allah ya yi wa narkon azaba a farkon Suratul Muɗaffifina. Kai kuma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana ka taimakawa a kan saɓo da zalunci, kuma mafi yawan malamai sun haramta sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi. Don haka bai halatta ka kai masa ba, sai idan zai rubuta nauyin ledar tsantsa da nauyin bututun daban a jikin kowane naɗi, ya yanke farashi a kan haka.

Ka kula da naka ɓangaren kuma. Kwali yana shan danshi da damina: nauyinsa ya ƙaru, ƙarfinsa ya ragu, gam ya saki, falle-fallen takardar da aka murɗa aka yi bututun da su su fara warwarewa daga baki. A ɗora shi a kan katako nesa da ƙasa da bango, a bar shi cikin ledarsa. Wanda ya jiƙe kada a cusa shi a tsakiyar ɗauri. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tulin abinci ya ji lema, mai shi ya ce ruwan sama ne, sai Annabi ya ce me ya hana ka ɗora shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Ka ware shi, ka faɗi aibinsa, ka rage kuɗi; idan ka ɓoye, mai saye yana da ikon mayar maka da shi ya karɓi kuɗinsa.

Wallahu a'alam.