Bututun ruwan tsohon gida: a yi faci ko a sauya gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu na gado ne a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano, mahaifinmu ya gina shi a shekarun 1970. Yanzu ruwan famfo ja yake fitowa da safe, a banɗakin baya kuma da ƙyar yake zirarowa ko da tanki a cike yake. Bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin mahaifiyarmu ya jiƙe, fenti sai ɓarewa yake. Mai gyara ɗaya ya ce a fasa wurin a yi faci, wani ya ce sai an sauya duka. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Maganar na biyun za ka ɗauka. Alamu ukun nan da ka lissafa ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri uku. Gidajen da aka gina a wancan lokaci kusan duka da bututun ƙarfe aka ja musu ruwa, wanda masu sana'a ke kira GI. Ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya don kada ya yi tsatsa, kuma lulluɓin nan yana cinyewa a hankali. Yawanci shekara 40 zuwa 50 ake ba irin wannan bututu, naku kuwa ya ci nasa rabon. Matsalarsa ita ce daga ciki yake ruɓewa. Za ka gan shi a waje garau, har da fenti, amma in aka yanka shi da zarto aka leƙa, sai ka tarar tsatsa ta taru ta yi ƙullutu-ƙullutu, ramin rabin inci ya tsuke har fensir ba zai shige ba. Ka sa mai gyaran ya yanko maka guntu daga layin banɗakin baya ka gani da idonka, ka kuma nuna wa 'yan'uwanka, domin gidan gado sai an ga hujja ake sakin kuɗi.

Tsatsar nan ce take rina ruwan da ya kwana a bututu, ita ce ta shaƙe hanyar banɗakin baya tunda shi ne ƙarshen layi, ita ce kuma ta huda ƙarfen a cikin bango. Galibi a bakin zare ake fara samun huda, wato wurin da aka yi wa bututun tsaga don a ɗaura elbo ko soket, saboda a nan ƙarfen ya fi siranta kuma an kankare tutiyar tun ranar da aka haɗa shi. Shi ya sa faci ba ya ƙarko. Da an sa sifana an murɗa don a kwance wurin da ya lalace, mahaɗar da ke gaba ta motsa, bayan wata biyu ita ma ta fara ɗiga. Ka fasa bango sau uku, ka biya kuɗin aiki sau uku, ƙarshe dai ka dawo kan sauyawa. Ɗaure wurin yoyo da robar tayar babur dabara ce ta kwana ɗaya ko biyu kafin mai gyara ya iso, ba laifi, amma ba gyara ba ne.

Akwai abin da ya fi ɓarnar bango damuna, kuma shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. A garuruwanmu ruwan gwamnati zuwa yake yana ɗaukewa. Kano tana shan ruwan Challawa tun farkon shekarun 1930, daga baya aka ƙara Tamburawa da Watari, amma unguwanni da yawa ba sa samun ruwa kullum. Bututun da yake cika yau ya bushe gobe ya fi saurin tsatsa, tunda ruwa da iska suna karɓa-karɓa a cikinsa. Sannan muddin akwai ruwa da ƙarfinsa, huda waje take fesarwa. Da zarar ruwa ya ɗauke, ita wannan hudar ciki take zuƙa. Duk abin da ke kewaye da bututun a lokacin shi zai shiga. Yanzu ka fita ƙofar gida ka duba inda layinku ya biyo. A tsofaffin unguwanni sau da yawa za ka ga bututun ya ratsa ta cikin kwata, ko ya bi gefen sokawe da masai. In haka naku yake, to ta nan za a fara aiki, kafin ma a taɓa bangon Hajiya, domin ta irin wannan hanya taifot da amai da gudawa ke shiga gida mai tsabta. A ɗaga sabon layin sama da bakin kwata, in dole sai ya tsallaka ta, a zura shi cikin wani bututu mai faɗi, kuma kada a bar mahaɗa ko ɗaya a daidai wurin.

Kafin ka kira kowa, akwai gwajin da za ka yi da kanka. Da dare a cika tanki, a rufe duk famfunan gida, a hana kowa jan ruwan masai, ka yi alama da alli a daidai bakin ruwan. Da asuba ka hau ka duba. In ya sauka, akwai yoyo a wani wuri, wataƙila har a ƙarƙashin daɓe inda ba ka gani. Ka kuma manna maganaɗisu a jikin bututun: in ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba kuma launinsa ja-ja ne, tagulla ce, ita tana daɗewa, ba lallai a cire ta ba. In kuwa toka-toka ne mai laushi, ka karce shi da makulli ya yi ƙyalli, to dalma ce. Ba kasafai ake samunta a gidan shekarun 1970 ba, sai dai a gine-ginen zamanin Turawa, amma in an same ta babu jira, a cire, tunda gubarta yara ta fi yi wa illa kuma tafasa ruwa ba ya kawar da ita.

Sai abin da za a sa a madadinsa. A kasuwa iri biyu za a nuna maka. Akwai PVC, wanda ake haɗawa da gam, yana da araha kuma ya wadatar ga ruwan sanyi. Rauninsa biyu: ba ya jure ruwan da zafinsa ya haura digiri 60, don haka ba a sa shi a bayan hita, kuma rana tana gasa shi har ya riƙa tsagewa, sai an yi masa fenti ko an rufe shi. A nan ake yawan cutar masu gida, domin PVC ɗin ma kala-kala ne. Akwai mai kauri na ruwan famfo, akwai siriri na ruwan datti, akwai kuma na zura wayar lantarki. Wanda bai ji tsoron Allah ba zai karɓi kuɗin mai kauri ya binne maka siriri.

Ni dai a cikin gida PPR nake zaɓa, koren bututun nan da ake narkar da bakinsa a haɗa. Ba ya tsatsa, yana ɗaukar ruwan zafi, kuma in an haɗa shi daidai mahaɗar da bututun sun zama abu ɗaya. A jikinsa za ka ga an rubuta PN da lamba, wato ƙarfin matsin ruwan da zai iya ɗauka. PN10 na ruwan sanyi ne kawai, PN20 shi ake sa wa layin hita. Amma alherinsa duka yana hannun mai haɗawa. Na'urar narkar da bakin tana aiki ne a kan zafin digiri 260, kuma bututu mai milimita 20 daƙiƙa 5 kawai yake buƙata a bakinta, mai 25 daƙiƙa 7, mai 32 daƙiƙa 8. A zaro, a tura a miƙe, ba a murzawa. In aka bar shi ya daɗe, robar sai ta narke ta naɗe ciki ta toshe rabin hanya, ka sayi sabon bututu amma ruwa na nan yana zirara kamar da. Ka ce ya haɗa guntu biyu a gabanka, ka ɗaga ka leƙa ta ciki: ramin ya fito a zagaye, a waje kuma ka ga zobe biyu na narkakkiyar roba sun kwanta daidai. Wanda ya ce maka babu wuta don haka zai gasa bakin a kan risho, ka sallame shi da mutunci, ko ka tayar masa da janareta. Shi ma PPR ba ya son rana, wanda ya hau zuwa tanki a naɗe shi ko a yi masa fenti.

Batun girma ma abin lura ne. Lambar milimita ta PPR faɗin waje take nufi, kuma bangonsa na da kauri, har mai milimita 20 na PN20 ramin cikinsa bai wuce 13 da ɗoriya ba. Saboda haka kada a ja gidan duka da 20. A sauko daga tanki da 32, a raba da 25, sai a daidai famfo a koma 20. Ƙarfin ruwa kuma daga tsayin tanki yake zuwa, ba daga girmansa ba: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi na kimanin bar ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. In tankinku mita biyu kawai ya ɗara shawa, ko da sabon bututu ruwan ba zai yi ƙarfin a zo a gani ba, sai an ƙara wa ƙafar tankin tsayi.

Ba sai an farfasa gidan ba, wannan shi ne abin da ke tsorata mutane. Tsohon ƙarfen da ke cikin bango a yanke shi daga tushe, a tsiyaye ruwansa, a toshe bakin, a bar shi a inda yake. Sabon layi ya bi ta bayan gini da jikin katanga a kan maƙalai, a huda bango kawai a inda famfo zai fito. Wasu na ganin bututu a fili muni ne. Ni kuwa a tsohon gida na fi son abin da ido ke gani, musamman in akwai sashen da ginin ƙasa ne aka shafe da siminti, domin irin wannan bango yana shan ruwa shiru har ranar da damina za ta kayar da shi. In kuɗi bai isa a yi duka a lokaci ɗaya ba, a yi shi sashe-sashe: layin shigowa, sai na kicin da ɗakin Hajiya, sai banɗakin baya. Kowane sashe a sa masa makullinsa, don gobe in famfo ɗaya ya lalace ba sai an kashe wa gida duka ruwa ba. Sai dai ka sani, muddin akwai ragowar ƙarfe kafin sabon layi, zai ci gaba da turo tsatsa tana toshe kan shawa da bawul ɗin tankin masai.

Abu ɗaya da masu gyaran famfo kan manta, saboda ba fanninsu ba ne: a wasu tsofaffin gidaje an ɗaura wayar at ta lantarki ne a jikin bututun ƙarfe, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Ranar da aka mayar da shi roba, gidan ya rasa wannan kariya, hita ko injin jan ruwa na iya jan mutum a banɗaki. Ka kira mai gyaran wuta ya duba, in haka ne ya kafa sandar at ta daban tun kafin a yanke ƙarfen.

Wajen sayayya, ka sa mai aikin ya rubuta maka kaya dalla-dalla, ku je Ƙofar Ruwa tare, ka karanta rubutun jikin bututun da kanka, kuɗin aikinsa kuma ku yi shi daban. Bututu da elbo su zama na kamfani ɗaya. Idan an gama, kada a rufe rami ko a shafa siminti sai an cika layin an bar shi kwana guda ana bin kowace mahaɗa da busasshen tsumma. A wanke tanki, a kwance kan shawa, a buɗe famfuna ruwa ya gudu har ya yi fari. Bangon da ya jiƙe kuma a kankare fentin a bar shi ya sha iska makonni, ya bushe har ciki, sannan a yi shafe. In aka yi gaggawa gishiri zai sake fesowa ya tayar da sabon fentin, shi ya sa aikin ya fi kyau a yi shi da rani.