Tambayoyinku: Cin Zarafi a Cikin Masu Gina Buɗaɗɗiyar Manhaja

Tambaya daga wata ɗaliba, yankin Kafin Hausa: Assalamu alaikum. Ina cikin masu sa kai da ke fassara wata buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta, ya kuma ba da gyara) zuwa Hausa. Aikin a GitHub yake, wato shafin intanet da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu suna yi tare, hira kuma a zauren WhatsApp. Wani daga cikinmu ya fara turo min saƙo da daddare yana neman hotona. Da na ƙi, sai ya koma yi wa duk aikin da na tura ba'a a gaban kowa. Na yi ƙorafi an ce in yi haƙuri. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan cin zarafi ne, kuma ba ke ya kamata a fara ba haƙuri ba.

Kafin ki ce da kowa komai, tara shaida. Ɗauki hoton allon kowane saƙo yadda lambarsa, ranar da lokacin za su fito. A GitHub kuwa, ki kwafi adireshin kowace magana da ya rubuta, ki kuma ɗauki hotonta. Idan ya gyara maganar, tarihin gyaran yakan nuna, amma idan ya goge ta gaba ɗaya, shi ke nan. Ki tura hotunan zuwa imel ɗinki. Wayar da ake bari wurin mai caji a bakin kasuwa, ko take yawo hannun ƙanne, ba wurin ajiyar shaida ba ce.

Daga nan ki aika masa saƙo ɗaya tak: "Kada ka sake turo min saƙo a keɓe." Kada ki tsaya musu. Amfanin saƙon shi ne gobe ba zai ce bai san ba kya so ba. Sai ki toshe shi.

Yanzu duba cikin fayilolin aikin, ki nemi mai suna CODE_OF_CONDUCT.md. Ita ce takardar ƙa'idar zama, kuma a cikinta ake sa imel ɗin kai ƙara. Ki rubuta can, a asirce: wane ne, me ya yi, yaushe kuma a ina, da abin da kike so a yi. Kada ki buɗe maganar a shafin da kowa ke gani, domin nan take abokansa za su taru, magana ta tashi daga abin da ya yi ta koma kan halinki. Idan shi ne ke riƙe da imel ɗin, ki nemi wani daga masu kula da aikin, ko gidauniyar da aikin ke ƙarƙashinta. GitHub ma yana da hanyar kai rahoton cin zarafi kai tsaye.

Akwai ƙofa biyu da ya kamata ki rufe. Ta farko, Git, wato manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren aikin, yana liƙa sunanki da imel ɗinki a kan kowane gyara da kika ajiye, kowa na iya gani. A saitin GitHub za ki iya ɓoye imel, ya ba ki wani adireshi na musamman, amma sai kin sa shi a Git ɗin kwamfutarki, kuma tsofaffin gyare-gyare suna nan da tsohon imel. Ta biyu, zauren WhatsApp yana bayyana lambar kowa. Telegram yana bari a ɓoye ta.

Idan abin ya kai ga barazana, ko yaɗa hotonki ko kwatancen gidanku, ya wuce hurumin masu manhaja. A ƙaramin gari sanin gidan mutum ba wuya, don haka ki sanar da iyayenki ko yayanki, a kai wa 'yan sanda. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya shafi barazana ta saƙo.

Tambaya daga wani malami, yankin Dambatta: Ni ke kula da ƙaramin aikin da muke gina manhajar lissafin ƙungiyar manoma. Wanda ya fi kowa iya aiki, kuma ya girme mu, shi ne mai zagin sababbi da "baƙauye". Idan na yi magana zai tafi. Mene ne mafita?

Amsa: Malam, ka lissafa waɗanda suka riga suka tafi shiru saboda shi, su ba sa sallama. Gwaninta ba ta sayen izinin zagi. Ko aikin Linux, ɗaya daga manyan buɗaɗɗun manhajojin duniya, da girmansa, ya ɗauki sabuwar ƙa'idar zama a 2018, kuma jagoransa Linus Torvalds ya janye na ɗan lokaci don gyara yadda yake mu'amala da mutane.

Ba sai ka ƙirƙiri ƙa'ida daga tushe ba. Contributor Covenant, wadda Coraline Ada Ehmke ta fitar a 2014, ita ce ayyuka da yawa ke ɗauka. Bugunta na 2.1 ya jera matakai huɗu: gyara a asirce, gargaɗi mai sharaɗi, dakatarwa na wani lokaci, sai kora ta dindindin. Ka mayar da ita Hausa, ka sa misalan da ke faruwa a wurinmu: gori kan ƙauye, kan rashin Turanci, kan aƙida ko ƙabila, da takura wa mata ta saƙon sirri. Inda aka fi tuntuɓe shi ne a kwafo takardar a bar gurbin imel fanko, ko a sa adireshin da ba mai dubawa. Ku naɗa mutum biyu masu karɓar ƙara, in da hali ɗaya mace, kuma duk wanda ƙarar ta shafi abokinsa ya janye. Shawararmu a amsa wa mai ƙara cikin kwana biyu, ko da "mun gani, muna dubawa" ne.

Shi wannan dattijon naku, fara da matakin farko. Kira shi a keɓe, da girmamawar da shekarunsa suka cancanta, ka nuna masa ainihin kalmar da ranar da ya faɗe ta, ka gaya masa abin da zai biyo baya idan ya maimaita. Ka rubuta ka ajiye.

Abin da muke jan kunne a kai shi ne sulhu irin na gida, a zaunar da mutum biyu a ce su yafi juna. A rikicin tsara da tsara yana aiki. Amma idan ɗaya ne ke cutar ɗaya, musamman babba da ƙarami ko namiji da mace, kunya ce za ta sa wanda aka cuta ya ce ya yafe, sannan ya bar aikin. A saurare su daban-daban, kuma kada a faɗi sunan mai ƙara sai da yardarsa. Idan magana ta yi zafi a GitHub, kana iya ɓoye saƙo, ka kulle tattaunawar, ko ka taƙaita masu iya rubutu daga awa 24 har zuwa wata 6.

Tambaya daga wani matashi, Gumel: Na tura gyara a wani aikin Turawa, aka dawo min da shi da kurakurai cike, ko gaisuwa babu. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Yawancinsu masu sa kai ne, kuma ba su saba fara rubutu da gaisuwa ba. Duba ka gani: maganar a kan aikin take, ko a kanka? "Wannan layin zai fasa manhajar" gyara ne. "Irinku ba ku iya komai ba" cin mutunci ne. Ka bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, wanda ba ka gane ba ka tambaya, sannan ka sake turawa.