Nonon ɗana ya tasa, yana tsoron mace zai koma

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 14. Wata uku ke nan nononsa na hagu ya tasa, akwai ɗan ƙullutu a ƙarƙashin kan nonon, yana masa zafi idan riga ta goga. Abokansa na tsokanarsa wai mata-maza ne. Ya daina cire riga a gaban kowa, jiya har ya tambaye ni ko mace zai koma. Wani ya ce a yi masa allurar sinadarin maza. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki. Kusan rabin yara maza kan yi haka lokacin balaga, musamman a shekara 13 zuwa 14. A farkon balaga istirojin (sinadarin mata) kan ɗan rinjayi testostiron (sinadarin maza) na wani lokaci, sai tsokar nono ta amsa, a gefe ɗaya ko duka biyun. Yawanci yakan baje da kansa tsakanin wata 6 da shekara 2.

Allurar nan kuwa, don Allah kada ki yarda. Wanda ya ba ki shawarar ya ɗauka an rasa namiji ne a jikin yaron, sai a zuba masa kamar mai a mota. Jiki yana da wani sinadari, aromatas, aikinsa juya testostiron ya koma istirojin. Da an ɗura masa daga waje, wani kaso zai rikiɗe, nonon da ake son kwantarwa ya ƙara tashi. Wannan istirojin ɗin ne kuma ke rufe bakin ƙashi inda ake tsawo, yaro ya tsaya gajere har abada. Ƙwaƙwalwa kuma idan ta ga sinadarin ya wadata a jini sai ta daina umartar 'ya'yan maraina su yi aiki, su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Likitocin bogi da masu tallar magani a intanet ba sa faɗin ko ɗaya daga ciki, kuma kullum sai an kawo yaran da aka lalata a banza. Haka matsa nonon ko gasa shi da abu mai zafi: ƙuna da ƙurji kawai zai jawo.

Ki kai shi asibiti idan ƙullutun ya wuce santimita 4, ko ya haura shekara 2, ko yana fitar da ruwa ko jini, ko akwai ƙari a maraina, ko 'ya'yan marainan sun ƙi girma. A bincika ko yana shan wani magani, domin simetidin (maganin gyambon ciki) da sifironolakton (maganin hawan jini) da ƙwayoyin gina tsoka duk suna jawo shi.

Tambayar da ya yi miki ita ce ta fi gaggawa. Yaro a wannan shekaru da jikin abokansa yake auna mazantakarsa. Ku zauna ku biyu, ki gaya masa ƙarara cewa namiji ne, jikinsa na kan hanya, kuma cikin masu tsokanar tasa akwai masu irinsa a ƙarƙashin riga. Idan ya fara ƙin zuwa makaranta ko yana kulle kansa a ɗaki, ki kai shi wurin likita ko da ƙullutun ƙarami ne.