Miliyan Gaira Ɗaya: Amsar Tambayoyinku Kan Ƙidaya

Tambaya: Malam, lissafi nake koyarwa a Zariya. Yaya zan faɗi 999,999 da Hausa a taƙaice? Kuma me ake kiran lambar da ba ta rabuwa biyu daidai?

Amsa: Malam, ka ce miliyan gaira ɗaya, ko miliyan ba ɗaya, ka huta. Bahaushe ya daɗe yana ƙidaya da ragi: ashirin ba ɗaya 19 ke nan, talatin ba biyu 28, metan gaira goma 190. Gaira daga Larabci muka aro ta. In tsohuwar Hausa kake so, ka ce zambar dubu gaira ɗaya.

Wadda ba ta rabuwa biyu daidai sunanta mara, kishiyarta cika. Duk wanda ya taɓa dunƙule gyaɗa a hannu ya ce wa abokinsa "cika ko mara?" ya san su, don haka ban ga dalilin da zai sa malami ya yi aron Turanci a nan ba. Lambarka mara ce, amma kada ɗalibai su zaci duk mara ba ta rabuwa. Ita 999 ce sau 1,001. Ita 999 ɗin 27 ce sau 37, 1,001 kuwa 7 sau 11 sau 13. Mutum bakwai za su raba 999,999 kowa ya tashi da 142,857, ba saura. Lambobi 64 ne ke raba ta daidai. In kana neman wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da ita kanta, ga 999,983, miliyan gaira sha bakwai, babbarsu a ƙasa da miliyan.

Tunda ka taɓo zancen, akwai abin da ke damuna. Sai ka ji mai karanta labarai ya ce "mutum dubu ashirin da biyar". To, 25,000 yake nufi ko 20,005? 'Yan kasuwa ba sa wannan sakaci, sukan ce dubu ashirin da guda biyar, ko da naira biyar. Don Allah ka ɗora yaranka a kan wannan "guda" tun yanzu.

Tambaya: Baba, a Maraɗi jika kuɗi ne. Haka take a Kano?

Amsa: 'Yata, jikarku tamma ta sefa 1,000 ce, wato dala 200, dalar Nijar mai tamma biyar, ba ta Amurka ba. A Kano jaka ake cewa, a da fam 100 ce, ta koma naira 200 da aka sauya kuɗi a 1973.

Tambaya: Me ya sa ake cewa dubun ɓarawo ta cika?

Amsa: Daga karin maganar nan ce, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dubu a nan yawa take nufi, ba ƙidaya ba. A lura kuma "ta cika" ake cewa, don dubu mace ce.