Ba a bin ayari a baya

Ka ce kullum ayarin jiragen kaya tsere maka yake, kana nutse kana bin sa har batir ya mutu. To yaro, da me za ka kamo shi? Jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus samfurin VII da kake tuƙawa a Silent Hunter III, wasan kwamfuta na Yaƙin Duniya na Biyu, yana haura kilomita 30 a awa a saman ruwa, amma in ya nutse da ƙyar yake kai 14, shi ma na ɗan lokaci. Fitowa ake yi, a ja nesa inda 'yan rakiya, wato jiragen yaƙin da ke gadin ayarin, ba za su hango ka ba, a zagaya a sha gaban ayarin, a jira dare. Lissafin gudu da saiti ba zan tsaya koya maka ba, yaran da ke leƙe ta taga ma sun iya.

Wannan gaggawar ce ta ci min jirgi. Wani ɗan birni ya zo ranar kasuwar Gezawa, da gilashinsa da sabon babur, wai shi gwani ne. Don girmama baƙo na ɗora shi a kan wasana na kaina, wanda na raino tun daga 1939 ta cikin wasan, ma'aikatan jirgin duk sun goge. Da rana tsaka ya hango ayari, ya saki topido huɗu, makaman nan masu tafiya cikin ruwa, daga nesa, kuma masu tururi, waɗanda ke barin layin kumfa a bayansu kamar sawun garma. Jirgin rakiya ya bi layin har kansa. Maimakon ya yi ƙasa sosai ya rage inji ya yi tsit, sai ya ba shi wuta duka, kowa na jin ƙararsa. Bama-bamai suka sauko, jirgi ya tafi. Ashe ya danna ajiya a kan tawa ana cikin ruwan bama-baman. Ya ƙone min man janareta, ya ce bari ya yi la'asar ya dawo ya biya. Har yau yana sallah.

'Yan zamani ba sa son jira, shi ne ciwon. A yaƙin gaske, Otto Kretschmer, kwamandan jirgin Jamus U-99, da dare yake shiga tsakiyar ayari a saman ruwa, don na'urar ASDIC ta Ingilishi abin da ke ƙarƙashi take ji. Ya matso kusa, topido ɗaya jirgi ɗaya. Da irin wannan hari, a Oktoban 1940 ayarin SC 7 ya rasa jirage 20 cikin 35. Zaɓi tankar mai da manyan na kaya, ka bar 'yan rakiya, amma kar ka matsa ƙasa da mita 300, topidon ba zai tashi ba.

Ka kuma riƙa duba shekarar da kake ciki a wasan. Daga 1943 na'urar rada mai gano jirgi daga nesa ta zama ruwan dare, duhu ba ya ɓoye kowa. A nan sai ka nutse tun kafin su iso, ka bar su su zo kanka.